Kafin Gangar Hantsi

Sharaɗi ɗaya Inna Sim ta gindaya wa ɗanta kafin ta hau keken: abincin da ke cikin langarta mai hawa-hawa ya shiga hannun sufayen addininsu kafin rana ta take tsaka. A lissafin wata, ranar ce mijinta ya rasu, tokar gawarsa da aka ƙone kuma tana ajiye a wata 'yar hasumiya a gidan sufayen ƙauyensu, can gabas da kangayen Angkor. Sufi ba ya cin abinci bayan tsakar rana. Idan sufaye ba su ci ba, mamaci bai ci ba. Sarun ya san wannan tun yana yawo ba wando, don haka ya ce mata ya ji, ya miƙa hannu zai sa langar a ƙarƙashin kujera. Ta janye abarta ta ɗora a cinya.

Shi ma da tasa buƙatar, bai dai furta ba. 'Yarsa Malis ta zo hutu daga Lyon, washegari za ta hau jirgi ta koma wurin uwarta. Shekarunta sha tara, ba ta taɓa ganin kangayen nan ba sai a kalandar kantin da suke sayen shinkafa. Sarun ya tafi Faransa karatu yana saurayi, ya yi aure a can, auren ya mutu, ya dawo da furfura yana aikin ruwan famfo a Phnom Penh. Sadakar nan ta shekara-shekara bai taɓa halarta ba. Da farko nisa ne ya hana shi, da ya dawo kuma gwiwoyin tsohuwar suka hana ta barin Battambang, inda take zaune wurin 'yarta. Bana ta ce ko da rarrafe ne sai ta je, kuma tana so hannun ɗanta da na jikarta su taɓa kwanon lokacin miƙawa. Sai Sarun ya ga ai abu biyun suna shiga rana ɗaya. Manyan kangaye uku da safe, daga nan gidan sufaye, da yamma a ƙarasa sauran.

Tun asuba tsohuwar ta tashi a gidan ƙanenta ta ɗora tukunya. Miyar daddawar kifi da kabewa da ɗanyen gwanda da zogale, wadda marigayin yake sha har gumi ya jiƙa masa riga. Sabuwar shinkafa. Gasasshen busasshen kifi. Ayaba a madarar kwakwa. Kowanne da hawansa a langar. Ba ta ɗanɗana ba, ba ta bar kowa ya ɗanɗana ba, don ba a kai wa sufi abin da baki ya riga ya taɓa.

Mai jan su Vuth ne, ɗan ƙanen nata, taubashin Sarun, wanda ya yi shekaru yana kai baƙi kangayen a keken da babur ke ja. Tunda Sarun ya dawo bai taɓa kiransa da sunansa ba.

"Yaya Bafaranshe, ina muka nufa? Wurin tsohon ko wurin duwatsu?"

Sarun ya ce duwatsu tukuna, ai a hanya suke. Vuth ya dubi goggonsa ta madubi. Ita tana kallon gabanta. Ya tada babur.

A shingen shiga aka fara samun cikas. Ɗan ƙasa ba ya biyan komai, masu gadi fuska kawai suke kallo su ɗaga hannu. Wanda ke bakin aiki ya ɗaga wa Vuth, ya rusuna wa tsohuwar, ya wuce Sarun, sai idonsa ya tsaya a kan Malis. Farar uwarta ta ɗauko, da dogon hanci. Sarun ya ce 'yarsa ce. Mai gadin ya yi murmushi ya tambaye ta da me ta karya yau. Yarinyar ta fahimci tambayar, ta buɗe baki, amsar ta fito a karkace, da kalmar da jarirai ke kiran shinkafa da ita. Mutumin bai yi dariya ba, ya dai ce su yi haƙuri, ko takardar da ke nuna asalinta ko tikitin baƙi. Takardar tana cikin akwati a gida. Ofishin tikiti ya fi kusa, suka juya.

Malis ko a jikinta. Ta tsaya a layi cikin Turawa da 'yan Koriya, aka ɗauki hotonta, ta fito tana nuna wa kakarta yadda hoton ya mai da ta kamar wadda ake nema ruwa a jallo. Sarun ne abin ya tsaya wa a rai. A gabansa, a garin da aka binne cibiyarsa, aka dubi 'yarsa aka ce baƙuwa ce, kuma ba a yi ƙarya ba. Laifin wa? Shi ne bai yi mata yaren ƙasarsu a gida ba, don gudun kada uwarta ta ji an ware ta. Suna komawa shingen ya riga ya ƙudurta a ransa cewa yarinyar nan ba za ta hau jirgi ba sai ta ga komai.

A Angkor Wat tsohuwar ta sauka da ƙyar, ta tafi iyakar ƙofar farko, ta kunna turaren tsinke a gaban babban gunkin da ke tsaye a can, ta koma keke. Langar ba ta bar hannunta ba. Sarun ya ja 'yarsa suka bi doguwar gadar dutse, suka shiga barandar da aka sassaƙe bangonta tun daga ƙasa har sama. Ya nuna mata rundunar birai da ta aljanu, da macijin da ake ja ana kaɗa teku, da sarki a kan giwa ƙarƙashin laimomi. Da Faransanci yake bayani, don da Faransanci ya san su. A wani ɗakin karatu na Lyon ya koyi sunayen sarakunan da shekarunsu, lokacin sanyi, sanye da safar hannu. Da yana yaro wurin nan a gare shi inuwa ce ta masu kiwon shanu, mai warin kashin jemage. Malis tana gyaɗa kai, tana ɗaukar hoto, tana share gumi. Ya kai ta har hawa na sama. Layin masu hawa ya yi tsawo, suka jira.

Da suka fito hantsi ya fara dubawa. Vuth ya kishingiɗa a ragar da ya ɗaura cikin keken, tsohuwar tana zaune yadda suka bar ta.

"Rana ta fara yin sama," in ji ta, ba tare da ta dubi kowa ba.

Sarun ya ce gaskiya ne, yau za a yi zafi. Ya tsallaka ya sayo mata kwakwa mai sanyi. Ta karɓa da hannu biyu kamar yadda ake karɓar kyautar baƙo, ta riƙe ba ta sha ba.

Tunda ya dawo haka take masa. Shi ya biya mata mota daga Battambang, shi yake sayen maganin gwiwarta, ga furfura a kansa, ga 'yarsa a gefe, ga taubashinsa yana saurare. Ba za ta gyara masa magana a gaban waɗannan ba. Ta faɗi sharaɗinta sau ɗaya da safe, abin da ya rage sai ta yi ta zagaye. Shi kuwa ya yi shekaru da yawa a inda mai son abu yake faɗa kai tsaye, ya kuma maimaita. Kunnensa ya daina jin zagaye.

Vuth ya kwance ragarsa yana hamma. Ya ce, "Yaya Bafaranshe, sufayenmu fa ba irin naku ba ne. Namu cikinsu ne agogonsu."

Sarun ya yi dariya ya nuna masa tsintsiyar hannunsa, ya ce shi nasa agogon ba ya jin yunwa, kuma ya ce da sauran lokaci mai yawa. A ransa sha biyu ce iyaka. Gidan sufayen da ya sani a bayan garin Lyon tsohon garejin motoci ne, sufaye biyu ne a ciki, kuma sukan zauna da akushinsu suna jiran mutanen da suka taso daga aiki har sha biyu ta kusa, sannan su ci da sauri. Da wannan ma'aunin yake awo. Vuth ya ɗaga kafaɗa. Shi mai zuwa gidan sufaye ne sau ɗaya a shekara, kuma ba ya jayayya da wanda ya ɗauke shi yini.

Suka bi ta ƙofar kudu ta tsohon birnin, tsakanin jerin gumakan da ɓarayi suka sare wa kawuna, suka shiga kangon Bayon. A nan ne yarinyar ta farka. Duk inda ta juya fuskar dutse ce ke kallonta daga sama, leɓe mai kauri, ido a lumshe, murmushin da ba a san na mene ne ba. Ta ajiye wayar. Ta bar ubanta yana lissafa sarakuna, ta yi ta kewaya hasumiyoyin ita kaɗai. Can ta dawo da gudu ta kama hannunsa, ta kai shi wani lungu ta nuna masa wata fuska mai tsagar haɓa, wadda gansakuka ta rufe wa kunci ɗaya.

"Kaka ce," in ji ta da yarensu, a hankali, tana lalubo kalmomin. "Kaka ce idan an ce ta sha magani."

Jimla ce cikakkiya, ba wanda ya sa ta, ba kuskure ko ɗaya. Sarun ya dubi fuskar. Da gaske Inna Sim ce. Ya yi dariya har ya dafa bango. Tun zuwan yarinyar yake jiran wani abu irin wannan bai san kamanninsa ba, ga shi ya zo. Suka zauna a wurin fiye da yadda ya tsara.

A keke sun tarar tsohuwar ta sauke langar ƙasa wajen inuwa, ta jiƙa mayafinta mai gidan dara da ruwan kwakwar ta lulluɓe ta. Kanta da aka aske ƙwal yana ƙyalli da gumi. Malis ta nuna mata hoton fuskar, ta maimaita jimlarta. Tsohuwar ta duba da kyau, ta ce ita hancinta bai kai wannan faɗi ba, ƙawarta dai so take ta ja ta faɗa. Ta ja kunnen yarinyar. Sannan ta tambayi Vuth ko tsohuwar hanyar bakin tafki tana biyuwa har yanzu. Ya ce tana biyuwa. Sai ta ce wa Sarun, "Babanka ba ya son miya in ta huce."

Sarun ya ce ai sai a ɗumama a can. Ya sake duban agogo. Kangon Ta Prohm a kan hanyarsu yake, ba ratse za a yi ba. A shiga ta yamma a fita ta gabas, Vuth ya zagaya da keke ya jira su a ɗaya ƙofar. Ya ce ba za su daɗe ba, tsallakawa kawai za su yi. Wa zai zo nan ya koma bai ga itatuwan da suka haɗiye gini ba?

"Inna, kin yarda?"

Ta ce shi ya san hanya.

A ciki sai suka tarar da motoci sun juye baƙi. Hanyar katako ce mai ƙunci, ta shiga ɗaya ta fita ɗaya, ba a komawa baya. Suka bi sahu kamar masu zuwa gaisuwa. Saiwoyin rimi sun malalo daga saman bango kamar narkakken ƙarfe, sun tsaga dutse, sun riƙe abin da suka tsaga. A gaban kowace babbar saiwa akwai layin masu jiran hoto. Malis ta shiga wani layin, ubanta ya tsaya gefe riƙe da jakarta, gyare na ta kuka a saman itatuwa.

A nan ya ji gangar.

Daga nesa take, ta cikin daji, daga wani gidan sufayen da ke kusa. Bugu mai nauyi, a rarrabe, yana ƙara sauri har ya haɗe, sannan ya tsaya. Baƙin ba wanda ya ɗaga kai. Sarun ma da farko bai ɗaga ba. Cikinsa ne ya fara ganewa kafin kansa. Da yana yaro, duk inda yake da shanu, in ya ji wannan bugun sai ya ɗaure su ya nufi gidan sufaye, don kafin ya isa sun kusa gamawa, za a ba yara abin da ya ragu. Gangar ba ta cewa a kawo abinci. Cewa take an riga an kawo, an jera, sufaye sun zauna. Ana buga ta tun rana ba ta kai tsaka ba, don su ci a natse su gama kafin lokacin ya shige. Tsakar rana ƙarshen ci ce. Shi ya ɗauke ta a matsayin ƙarshen kawowa.

Ya fizgo Malis daga layi. Ta ce saura mutum biyu a gabanta. Suka kutsa cikin mutane yana ba da haƙuri da yare uku, suka fita ƙofar gabas yana haki.

Tsohuwar ma ta ji gangar. Ta riga ta mai da langar cinyarta, ta ɗaura mayafin a kafaɗa yadda ake yi in za a shiga gaban sufi. Vuth ya tada babur. Ya bi hanyar bakin tafki, ya sauka kan jar ƙasa tsakanin giginyu da gonakin da aka girbe, keken yana tsalle tsohuwar tana rungume da langar kada miya ta zube. A bakin ƙauyen suka tarar an kafa rumfar biki a tsakiyar hanya, sai da suka zagaya ta bayan gidaje. Daga baya Sarun ya so ya ɗora wa rumfar nan laifi. Ya auna ya sake aunawa, ya ga ko babu ita ba za su riska ba.

Gidan sufayen yana nan yadda ya bar shi, sai dai an yi wa zauren sabon rufi. Karnuka suna kwance ƙarƙashin mangwaro. A bakin rijiya sufaye biyu suna wanke akushinsu. Tsofaffin mata masu fararen kaya sun zagaye tabarma suna cin abin da ya ragu. Babban sufin yana kan dakalinsa, ya wanke hannu, yana sakace.

Sarun ya tuɓe takalmi, ya karɓi langar daga hannun uwarsa, wannan karon ta sakar masa. Ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa sau uku. Ya ce daga nesa suke, yau ce ranar mahaifinsa, Tep, wanda tokarsa ke nan bayan zaure. Ya ce rana ba ta take tsaka ba tukuna, ya nuna agogo. Ko loma ɗaya ce.

Da kalmar da ake ce wa kowa ya ci ya yi roƙon. Sufi yana da tasa kalmar ta ci, da ta barci, da ta tafiya, Sarun ya neme su a bakinsa bai same su ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin matan ta rufe baki da hannu.

Babban sufin bai nuna ya ji kuskuren ba. Ya ce ya san Tep, tare suka yi gyaran rijiyar can. Amma ya riga ya ce ya ƙoshi, ya ture akushi, ya tashi daga wurin ci, sauran ma haka. Wanda ya yi wannan ba ya komawa, ko da rana tana gabas. Ba rowa ba ce, ba kuma a hannunsa abin yake ba. Sarun ya buɗe baki zai sake magana, sai ya ji hannun uwarsa a bayansa. Ta rarrafo ta durƙusa kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, a yi masa afuwa. Ya daɗe a waje."

Sufin ya ce niyya ma tana da ladanta. Zai yi musu karatu su tsiyaya ruwa, abincin kuma a ba tsofaffin nan, sadaka ce ita ma. Ta ce ta gode. Aka kawo ruwa a ƙaramin kofi. Sufin ya yi karatu, tsohuwar ta riƙe kofin, Sarun ya dafa gwiwar hannunta, Malis ta dafa tasa yadda aka nuna mata, ruwan ya tsiyaya a hankali ana kiran sunan Tep. An yi komai daidai. Sarun yana kallon gefen fuskar uwarsa, ya san cewa a wurinta an ba mijinta ruwa ne kawai.

Ta kai langar wurin tsofaffin da kanta, ta buɗe hawa-hawa. Miyar ta fara kumfa a gefe. Wata ta shinshina ta ce da saura, in an tafasa za ta shawu. Suka yaba kifin. Suka matsa mata ta zauna ta ci, ta ce ta ƙoshi.

Malis ta ja ubanta gefe, ƙarƙashin mangwaron. Ta ga an yi ruwa, ta ga an yi karatu, ba ta gane abin da ya lalace ba. Ya yi mata bayani a taƙaice. Ta tambaye shi tun yaushe ya san da wannan. Ya ce tun safe. Ta ce ita ta zaci abincin ranarsu ne kakar take riƙe da shi.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce so yake ta ga wuraren.

"Baba, duwatsu ne. Shekara nawa suna nan? Da na dawo wani lokacin na same su." Ta dubi wajen da kakarta take. "Ni ban ce sai na ga duka ba."

Gaskiya ne, ba ta ce ba. Ta bar shi ta tafi wurin tsohuwar, wadda ta ari tsintsiya ta nufi bayan zaure.

Hasumiyoyin toka suna jere a can, wasu da sabon fenti, wasu sun yi baƙi. Ta Tep ƙarama ce, da 'yar ƙofar ƙarfe a gindinta. Tsohuwar ta share ganyen da ya taru, Malis ta tuge ciyawa. Sarun ya tsaya daga baya, bai san inda zai sa hannunsa ba. Vuth ya zo ya tsaya kusa da shi, ya miƙa masa sigari, ya tuna ba ya sha, ya mayar aljihu.

Can sai ga Baba Kea, dattijon da ke kula da hidimar gidan, ya zo da mabuɗi. Da shi da Inna Sim tare suka tashi, suka gaisa da tsokana irin ta tsofaffi, kowa yana mamakin ɗan'uwansa bai mutu ba. Ta sa ya buɗe 'yar ƙofar. Ta leƙa, ta gyara zaman tulun tokar, ta goge shi da bakin mayafinta. Sannan ta sa tafin hannu ta auna filin da ya rage a gefensa. Ta tambayi Baba Kea ko wani tulun zai shiga nan ba sai an fasa gini ba. Ya leƙa shi ma, ya ce zai shiga, in dai ba irin manyan nan na 'yan birni ba ne. Ta ce ƙarami take so, irin na Tep. Suka yi maganar kamar masu shawarar inda za a ajiye buhun shinkafa. Ta ce kada a sa mata fenti mai ruwan zinariya, ɗaukar ido yake yi.

Sarun ya matso. Ya ce baɗi za su kwana a ƙauyen ma, tun jajibiri, shi zai ɗauki hutu.

Ta ce to, ba ta juyo ba. Ta tura ƙofar, ta miƙa wa dattijon mabuɗinsa.

"Kea, in wannan ne zai kawo ni, ka aika masa tun da wuri. Ka ce masa da hantsi ake zuwa."

Baba Kea ya yi dariya har da tari. Vuth ya fara dariya, ya dubi Sarun, ya fasa.

Tsohuwar ta ce ita a nan za ta yini, akwai waɗanda ba ta gani ba shekara da shekaru, su dawo su ɗauke ta da yamma. Malis ta ce ita ma za ta zauna. Kakar ta ce ina, an saya mata tikitin yini guda, ba za a yi asararsa ba, ta tashi ta bi ubanta ya ƙarasa nuna mata. Yarinyar ta dubi Sarun. Bai ce ta zauna ba, bai ce ta taso ba. Sai da kakar ta daka mata tsawa cikin wasa sannan ta saka takalmi.

Suka ga sauran. Kangon jan dutse mai ƙananan sassaƙa, da mai tsibiri a tsakiyar ruwa, da mai dogayen matakala inda a da ake ƙona gawa. Vuth yana tsayawa, su sauka, su zagaya, su dawo. Sarun ya san sunan sarkin da ya gina kowanne da shekarar da aka gama. Malis ba ta tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba.